Wa ya ƙirga buhunan da banki ya ce yana riƙe da su?

Tun da aka yi canjin kuɗi a Sudan a watan Disambar 2024, mutanenmu da yawa waɗanda ba su taɓa taka ƙofar banki ba sun zama masu asusu, ko suna so ko ba sa so. Sharaɗin da aka gindaya shi ne mutum ya zuba tsofaffin takardun fam 500 da na fam 1,000 a asusu, don haka manomin dawa a Gadarif da dillalin riɗi da mai kanti a Kasala da Damazin kowa ya bi layi ya buɗe. Kafin nan ma, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya riga ya mayar da Bankak, manhajar waya ta Bankin Kartum, aljihun jama'a. Da shi ake biyan kuɗin magani, kuma ta nan abin da ɗan'uwa ya aiko daga Jidda ko Makka ke isa gida. Tunda guminmu ya koma hannun bankuna, muna da haƙƙin tambayar wa ke duba su, da kuma irin dubar da yake yi.

Babban Bankin Sudan, wanda ya fara aiki a 1960, yana duba bankunan kasuwanci ta hanya biyu kamar takwarorinsa na ko'ina. Akwai rahotannin da bankuna ke aiko masa wata-wata, akwai kuma sufetocin da yake turawa su shiga hedikwata da rassa. Ra'ayina shi ne a halin da muke ciki rahoto ba zai wadatar ba, haka ma ziyarar da ta tsaya ga karanta littafin ƙa'idoji da duba ko akwai sa hannu. Dole sufeto ya gwada matakan kariyar cikin banki da hannunsa, ya zaɓi fayilolin da zai duba da kansa, ya bi sawun kuɗi har inda suka kwana, ya hau kan tarin buhuna ya ƙirga. Duk dubar da ta gaza haka, banki ne ke ba da labarin kansa, sufeto yana rubutawa.

Matakan kariyar nan ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Ma'ajiyar kuɗi ba ta buɗuwa sai da makulli biyu a hannun mutum biyu. Wanda ya shigar da ciniki a kwamfuta ba shi ne zai amince da shi ba. Manajan reshe yana da iyakar kuɗin da zai iya bayarwa, abin da ya haura sai hedikwata. Kowace yamma a gwama abin da ke aljihun tebur na kashiya da abin da na'ura ta nuna. Kwamitin Basel, mai tsara ƙa'idojin sa ido a kan bankuna na duniya, ya tattara irin waɗannan a wata takarda ta 1998 mai ƙa'idoji 13, bayan jerin asarori da suka girgiza manyan bankuna. A 1995 bankin Barings na Ingila ya rushe da asarar fam miliyan 827 na Ingila saboda mutum ɗaya a Singafo shi ke yin ciniki, shi ke rubuta lissafin cinikin. A shekarar dai aka gano ma'aikacin bankin Daiwa a New York ya ɓoye asarar dala biliyan 1.1 tsawon shekara 11 ta irin wannan ƙofar. Duk bankunan biyu suna da ƙa'idoji a rubuce.

Shi ya sa gwaji ke da tambaya biyu da bai kamata a cakuɗa su ba. Shin matakin, in an bi shi, zai toshe ɓarakar da aka kafa shi domin ta? Kuma shin ana bin sa kullum, har ranar da layi ya yi tsawo, da ranar da babban mutum ya kira manaja a waya? Ta farkon ana amsa ta da bin ciniki guda tun daga farkonsa har ƙarshe. Sufeto ya ɗauki buƙata ɗaya, ya zauna kusa da kowane ma'aikacin da ta ratsa ta hannunsa, ya ce a nuna masa a kan allo abin da ake yi. A nan ake gane cewa sa hannu na biyun da littafi ya ambata, a aikace hatimi ne da ke ajiye a aljihun tebur ɗin na farkon. Tambaya ta biyu kuwa sai da samfur, wato wasu fayiloli da za a ɗebo a duba a madadin sauran.

Samfur shi ne inda aka fi yaudarar sufeto. Idan ya ce wa manaja “kawo mini fayil ashirin na murabaha”, wato cinikin da banki ke sayen kaya ya sayar da riba, za a kawo masa ashirin masu kyau, an goge musu ƙura. Abin da ya kamata shi ne ya zauna da ma'aikacin kwamfuta a ciro masa jerin dukkan cinikin da aka yi cikin lokacin da ake dubawa, a gabansa, sannan ya tara jimlar jerin ya gwada da abin da ke babban littafin lissafi. In ba su yi daidai ba, an cire wani abu daga jerin, kuma abin da aka cire shi ne abin nema. Bayan haka ya zaɓi lambobi ta hanyar ƙuri'a, ya ba da wa'adin awa biyu ko uku a kawo fayilolin. Fayil ɗin da aka ce “yana wajen lauya” ko “an tura hedikwata” a rubuta shi a matsayin wanda ya faɗi gwaji har sai ya bayyana, kada a yarda a musanya shi da wani.

Yawan samfurin ma lissafi ne, ba son rai ba. Wanda ke so ya samu tabbacin kashi 95 cikin ɗari cewa kuskure bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba, sai ya duba fayil 59 bai samu ko ɗaya da matsala ba. In ya samu guda, sai ya faɗaɗa zuwa 93 ba tare da ya sake samun wani ba. Fayil 25 da aka saba dubawa, ko da duk sun fito lafiya, abin da suke nunawa kawai shi ne kuskuren bai wuce kimanin kashi 11 cikin ɗari ba, wanda a reshe mai fayil 1,200 ya haura fayil 130. Bayan samfurin ƙuri'a kuma akwai waɗanda ba a yi musu ƙuri'a, duk sai an duba su: manyan masu bashi ashirin, duk wani kuɗi da aka ba darakta ko danginsa ko kamfaninsa, da duk cinikin da ya tsaya daf da iyakar ikon manaja.

Bankunan Sudan na tsarin Musulunci ne, kuma tun 1992 akwai babbar majalisar sa ido ta shari'a a kansu. Wannan ya sa gwajin nan ya bambanta da na Najeriya ko Nijar, domin a nan kowace sigar ba da kuɗi tana da jerin matakai da dole su zo bi da bi. Murabaha, wadda ita ce ta fi yawa a kasuwa, tsarinta shi ne ɗan kasuwa ya nemi kaya, banki ya saya daga mai kaya, ya mallake su, sannan ya sayar wa ɗan kasuwan da riba sananniya a biya kashi-kashi. A ɗauka wani ɗan kasuwa a Kasala ya nemi buhu 400 na sukari. A fayil ɗinsa kwanan wata huɗu ne abin dubawa: ranar faturar mai kaya (takardar farashin kayansa), ranar da banki ya biya, ranar da wakilin banki ya karɓi sukarin, da ranar da aka sa hannu a kwantiragin sayarwa. Idan kwantiragin ya riga karɓar kaya, banki ya sayar da abin da bai mallaka ba. Idan babu takardar karɓar kaya gaba ɗaya, da wuya a ce akwai sukarin.

Amma ko kwanakin sun jeru daidai, aiki bai ƙare ba, domin takarda ba ta da wuyar shiryawa. Sai an bi kuɗin. Wane asusu aka biya? In asusun mai kayan yana bankin, a buɗe shi a ga abin da ya faru cikin kwana biyu ko uku bayan biyan. Sau da yawa za a tarar kuɗin sun fita kusan dukkansu zuwa asusun wanda ya nemi murabahar, an rage ɗan abin da mai faturar ya ci. Wannan ita ce murabahar da ake kira suriyya, wadda Babban Banki ya daɗe da haramtawa, kuma bashi ne da riba aka yi masa rigar ciniki. In asusun yana wani banki, sufeton Babban Banki yana da ikon da oditan cikin gida ba shi da shi, wato ya tambayi ɗayan bankin. A kuma gwama lambar waya da adireshi da lambar ɗan ƙasa na mai kaya da na mai saye, a ga ko ba gida ɗaya ba ne. Akwai kuma abin da ake kira “kasar”, wato karyar da kaya, inda kayan na gaske ne amma mai saye ya karyar da su a kasuwa ranar da ya karɓa don ya samu kuɗi a hannu. Mutumin da ya fara da asarar kashi goma ko ashirin tun ranar farko, da me zai biya ƙisti, wato kuɗin da ake biya kashi-kashi?

Wannan ba batun fiƙihu ne kaɗai da za a bar wa malaman majalisar shari'a ba. Sharaɗin mallakar kaya shi ne babban abin da ke tabbatar da cewa kuɗin masu ajiya sun shiga kasuwanci na gaske. Duk inda aka tsallake shi, banki bai san inda kuɗinsa suka tafi ba, ballantana ya san inda za su dawo.

Daga nan sai batun jokiyya, mutanen da ake karɓar kuɗi da sunansu alhali mai cin kuɗin yana gefe. Direba ne ko mai gadi ko yaron shago, an buɗe masa asusu, an yi masa rajistar sunan kasuwanci, an sa shi ya sa hannu a cek. Dokar laifuka ta 1991, sashe na 179, ta mai da ba da cek maras kuɗi laifi, kuma kowa a ƙasar nan ya san jimlar nan ta “zai zauna har sai ya biya”. Illar da wannan ya yi wa bankuna ita ce wasu sun ɗauki cek ɗin jingina a matsayin madadin binciken mai neman kuɗi. Alhali kurkuku ba ta dawo da ko fam ɗaya, kuma wanda ke shiga cikinta shi ne talakan da aka ari sunansa. Gano jokiyya ba ya buƙatar sihiri. A tace jerin masu bashi a nemo waɗanda aka buɗe asusunsu ƙasa da wata uku kafin a ba su kuɗi, da waɗanda jinginarsu fili ne na mutum ɗaya, da waɗanda ƙistinsu daga asusu ɗaya yake fitowa. In mutum takwas sun haɗu a kan waɗannan, bashi ɗaya ne aka raba takwas don a tsallake iyakar da aka sa wa mutum ɗaya. Bankin Kabul na Afganistan ta wannan hanyar ya durƙushe a 2010: sama da dala miliyan 900 suka tafi ga masu hannun jari da makusantansu ta kamfanonin bogi, oditocin waje kuwa sun sa hannu cewa lissafi lafiya.

A yankunan noma kamar Gadarif da Sinnar da Blue Nile, inda Hausawa ke da yawa, siga mai muhimmanci ita ce salam. Banki ya biya manomi kuɗin amfanin gona gaba ɗaya lokacin ƙulla ciniki, manomi ya kawo dawa ko riɗi bayan girbi. Lokacin gwada salam shi ne Agusta da Satumba, sa'ad da shuka ke tsaye, ba Janairu ba. Sufeto ya ɗauki fayil goma ya je gonakin. Fayil ya ce faddan 500, to nawa aka shuka? Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, kuma wayar hannu ta isa a zagaya gona a auna. A duba kuma ko an biya manomin kuɗinsa cif a lokacin ƙulla ciniki, domin wani lokaci za a ga an ƙulla sabon salam da safe, da rana kuɗin sun koma biyan salam ɗin bara. A littafi tsohon bashi ya mutu, sabo mai lafiya ya haihu, alhali gonar bana ba ta ga ko sisi ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ciro duk bashin da aka biya, a ga wanne ne aka ba mai shi sabon kuɗi cikin kwana bakwai kafin biyan ko bayansa.

Sito shi ne wurin da na fi so a daɗe a kai, domin a nan jinginar da ke takarda take zama abin taɓawa. A ɗauka littafin banki ya ce akwai buhu 3,000 na dawa a wani sito a matsayin jingina. Sufeto ya zo ba tare da sanarwa ba, ya fara da tambayar makulli. In makullin yana aljihun ɗan kasuwar da ya ba da jinginar, gwajin ya ƙare tun a bakin ƙofa. In an buɗe, ya ƙirga tsawo da faɗi da hawa: layi 20 sau 10 sau hawa 15 shi ne 3,000. Amma ƙirgar waje ba ta isa ba, domin ana gina tari kamar ɗaki, bango huɗu na buhuna, tsakiya fanko ko an cika da katako. Sai a kawo tsani a hau sama, a sa 'yan dako su ɗaga buhu biyar ko shida daga tsakiya a leƙa ƙasa. A zaɓi buhu talatin daga wurare daban-daban a ɗora a sikeli, a soka musu bututun ɗiba a ga abin da ke ciki, ko dawa ce mai kyau, ko wadda ƙwari suka mai da gari, ko ƙaiƙayi da yashi. A duba rufi da ƙasa saboda damina, a duba ko takardar inshorar takaful tana da rai. Sannan a karɓi littafin fitar da kaya, a gwada kowace fitarwa da kuɗin da aka biya banki a ranar.

Akwai zambar da banki ɗaya ba zai taɓa ganowa shi kaɗai ba, wato a jinginar da tari ɗaya ga banki biyu ko uku. Ranar da wannan zai zo a rataya allonsa, ranar da wancan zai zo a sauya. A 2014 aka bankaɗo irin wannan a tashar jiragen ruwa ta Qingdao a ƙasar Sin, inda aka yi ta karɓar bashi daga bankuna daban-daban da ƙarfe iri ɗaya. Maganinsa yana hannun Babban Banki kaɗai: ya karɓi jerin situna daga dukkan bankunan da ke garin, ya nemo adireshin da ya maimaitu, ya tura mutane su ƙirga duka a rana ɗaya.

Yaƙin ya ƙara wasu ƙofofi da babu su a da. An wawashe rassa a Kartum da Madani da Darfur, takardun jingina sun ƙone ko sun ɓace, hedikwatoci sun koma Fot Sudan da ma'aikata kaɗan, tsarin da ke haɗa bankuna da juna ya tsaya tsawon lokaci. Cikin wannan hali an yi abubuwa da yawa bisa larura, kuma ba na zargin wanda ya ba abokin aikinsa kalmar sirri don mutane su samu kuɗin abinci. Abin da ba zai yiwu ba shi ne larurar ta zama al'ada. Gwajin da za a fara da shi a kowane banki shi ne gwama jeri uku: sunayen da ke karɓar albashi, sunayen da ke da izinin shiga na'ura, da sunayen da na'ura ta nuna sun yi aiki cikin wata shida da suka wuce. Ma'aikacin da ya koma Masar ko Saudiyya tun 2023 amma sunansa na amincewa da ciniki a makon jiya, wa ke amfani da shi? A nemo cinikin da aka shigar da lambar reshen da ke rufe, da wanda aka yi da tsakar dare, da wanda shigarwa da amincewa suka fito daga kwamfuta ɗaya da tazarar daƙiƙa goma. A 2018 aka gano cewa a wani reshen bankin Punjab National a Mumbai an shafe shekaru ana aika saƙonnin lamuni ta SWIFT, hanyar sadarwar bankunan duniya, ba tare da sun shiga babban lissafin bankin ba, asarar ta kusa dala biliyan 2. Da wani ya ɗauki jerin saƙonnin wata ɗaya ya gwada da littafi, da abin bai kai haka ba.

Asusun da ya daɗe ba motsi ya fi kowane haɗari a yanzu, domin masu shi da yawa sun yi hijira, wasu sun rasu, magada ba su ma san da shi ba. Sufeto ya ciro duk asusun da ya yi shekara ba a taɓa ba sannan ya farfaɗo, ya duba abin da ya faru kafin farfaɗowar. Alamar da ta fi fitowa ita ce sauya lambar waya, sai kunna manhajar banki, sai kwashe kuɗin cikin kwana biyu. Wa ya amince da sauya lambar, da wace shaida? A kira tsohuwar lambar, a nemi mai asusun ko danginsa. Haka nan asusun rataye, inda ake ajiye cinikin da ba a gama tantancewa ba, da lissafin tsakanin rassa. A jera abin da ke cikinsu bisa tsufa, kwana 30, 90, 180. Abin da ya wuce wata shida babu mai iya bayaninsa, a tilasta wa banki ya ware masa kuɗin asara, kada a bar shi yana ƙawata lissafi a matsayin kadara.

Hauhawar farashi ma ta lalata matakan kariya a ɓoye. A watan Fabrairun 2021 aka karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala, kuma hauhawar farashi a shekarar ta haura kashi 350 cikin ɗari, ga kuma abin da yaƙi ya ƙara. Iyakar da aka sa wa manajan reshe shekara biyar da suka wuce yau ba ta sayen taya huɗu na tarakta. Sakamakon shi ne ko a raba ciniki ɗaya gida biyar don ya tsaya ƙarƙashin iyaka, ko a riƙa karɓar izini ta waya a cike takarda daga baya. Idan ƙa'ida ta zama wadda ba za a iya aiki da ita ba, kowa zai saba da tsallake ta, har da waɗanda ya kamata a bi. Don haka sufeto ya tambayi ranar da aka sabunta iyakokin, ya kuma sake kimanta jingina da farashin yau, musamman gidajen da ke unguwannin da aka yi faɗa.

Za a ce ai kowane banki yana da oditan cikin gida da na waje da majalisar shari'a, me ya sa Babban Banki zai maimaita aikinsu? Amsar ita ce zai iya dogara da su, amma bayan ya gwada su su ma. Ya ɗauki fayil goma daga waɗanda oditan cikin gida ya ce ya duba, ya sake dubawa ya ga ko za su kai ga sakamako ɗaya. Ya tambayi wa ke sa hannu a ƙarin girman oditan da hutunsa. In babban manaja ne, ba kwamitin binciken hukumar daraktoci ba, to rahotonsa ba zai taɓa wuce abin da manajan ke so a ji ba. Ya karanta rahotannin shekara uku ya ƙirga matsalolin da suka maimaitu da kalmomi iri ɗaya. Ya kuma duba rajistar hutu, domin ƙa'idar tilasta wa ma'aikaci hutun mako biyu a jere, wani ya zauna a kujerarsa, tana daga cikin mafi arha kuma mafi kama ɓarna. Ma'aikacin da ya shekara huɗu bai tafi hutu ba ana yaba masa da ƙwazo, alhali teburinsa ne ya kamata a fara buɗewa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsoro: in aka tona aka tarar wasu bankuna jarinsu ya ƙare, jama'a za su ruga su kwashe kuɗi, kuma mun ga layukan 2018 lokacin da takardun kuɗi suka yi ƙaranci. Tsoron na gaskiya ne. Amma ramin da ba a auna ba ƙara zurfi yake yi, kuma Asusun Lamunin Ajiya da aka kafa a 1996 ba zai iya ɗaukar nauyin banki babba da ya faɗi ba zato. Najeriya ta bi ɗaya hanyar a 2009. Babban Bankinta, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya tura masu bincike cikin dukkan bankuna 24, ranar 14 ga Agusta ya sauke shugabannin biyar ya zuba musu naira biliyan 420, daga baya jimlar ta kai biliyan 620. An yi ta muhawara a kan yadda aka yi abin, amma ƙofofin bankunan ba su rufe ba, masu ajiya kuma ba su rasa kuɗinsu ba. Abin koyi a nan shi ne an shiga da shirin abin da za a yi da sakamakon tun kafin a fitar da shi.

Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan halin da sufeton kansa ke ciki. Wanda bankin da yake dubawa ne ya ɗauko shi a mota, ya kama masa masauki, ya yanka masa rago, da wuya ya rubuta abin da ya gani a sito. Wanda albashinsa bai kai rabin na ma'aikacin da ke gabansa ba, yana iya kallon bankin a matsayin wurin aikinsa na gaba. Wanda ya san mai bankin na iya sa a mayar da shi wani gari da kiran waya ɗaya, zai sassauta kalmominsa. Ƙa'idojin Basel na sa ido a kan bankuna sun tanadi 'yancin mai sa ido da kariyar doka ga ma'aikatansa tun a farkonsu, kuma a ƙasar da bankuna da dama ke da hannun gwamnati ko na manyan masu ƙarfi, wannan ya fi kowace manhaja muhimmanci. Kuɗin tafiya su fito daga Babban Banki, a riƙa sauya tawaga bayan zagaye biyu, a hana sufeto karɓar aiki a bankin da ya duba sai bayan shekara ɗaya ko biyu.

Da ƙarancin ma'aikata ba za a iya duba komai ba, kuma ba a buƙatar hakan. Tawagar mutum huɗu, ɗaya daga cikinsu masanin kwamfuta, tana iya gama jerin masu izinin shiga na'ura, da asusun da suka farfaɗo, da asusun rataye, da fayil 59 na murabaha, da situna biyar cikin mako uku. Kowace matsala da aka samu a rubuta mata sunan wanda zai gyara da ranar gamawa, a aika wa hukumar daraktoci kai tsaye. Idan wa'adin ya cika kada a karɓi wasiƙar da ke cewa an gyara. A koma bayan wata uku a ɗauki sabon samfur daga cinikin da aka yi bayan ranar gyaran, kuma bankin da ya sake faɗuwa a kan abu ɗaya a dakatar da shi daga ba da sabon kuɗi a wannan sigar, a hana shi raba riba ga masu hannun jari har sai ya ci gwajin.